Jirgin da Ya Yi Ta Gumi a Tsakar Gidanmu

Babana kafinta ne, amma kar ku kawo masa aikin kujera ko gado, ba zai karɓa ba. Ƙofa da taga kawai yake yi, shi ya sa duk unguwarmu Mai Ƙofa ake ce masa. In ya kafa maka ƙofa ya rufe ta, sai ya ƙyasta ashana ya bi gefe-gefenta da wutar. In harshen wutar ya ɗan karkata, to iska na shiga ke nan, sai ya cire ƙyauren gaba ɗaya ya sake aiki, ko mai gidan ya ce ya yi masa haka. Mutum ne da ya tsani tsaga kamar ta taɓa zaginsa a kasuwa. Ba ya hira, ba ya zuwa majalisa, abinci ma a tsaye yake ci.

Garinmu yana bakin wani babban ruwa, amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya bi hanyar da ta nufi can ba. Dalili kuwa kowa ya sani. Yana saurayi, shi da yayansa suka shiga kwale-kwalen haya za su tsallaka. An cika shi maƙil da mutane da buhuna da awaki, ana zuwa tsakiya ya kife. Baba bai iya ruwa ba. Wata jarka ce ta cece shi, wadda babu komai a cikinta sai iska, murfinta a ɗaure tam. Ita ya rungume har aka tsamo shi. Yayan nasa da ya iya ruwa, sai a tsallake aka same shi, can aka binne shi.

To a tsallaken ne aka haifi Kaka, mahaifiyar Baba. Ƙanwarta tana can har yanzu, ga kuma kabarin ɗanta, yayan Baba. Lokacin da Kaka take da ƙarfi takan bi mota ta zagaya ta gada, tafiyar wuni guda a hanya mai ramuka. Da bayanta ya lalace, likita ya ce in ta sake shiga wannan hanyar to a kwance za ta ƙarasa rayuwarta. Ta ce shi ke nan, a sa ta a kwale-kwale, ai ga garin can ana hango bishiyoyinsa. Ranar na fara ganin Baba ya durƙusa a gaban mutum.

"Inna, in kika shiga wannan abin, ki ɗauka ni ma kin rasa ni."

"To Auta, tashi zan yi sama?" Shi ne ƙaraminta, har ya yi furfura Auta take ce masa.

"Ni zan yi miki jirgi. Wanda ko ya cika da ruwa ba zai nutse ba."

Ta dube shi ta dube shi, ta ce, "Allah ya sa ina da rai."

Dabararsa daga jarkar nan ya samo ta. Ya ce zai yi jirgi mai jarkoki a jikinsa, amma na katako: akwati ɗaya a goshin jirgin, ɗaya a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin bencin tsakiya, kowanne a rufe ruf babu komai a ciki sai iska. Maganar gaskiya dabarar ta yi. Matsalar ita ce a tsakar gidanmu ya yi shi.

Ku bari in gaya muku yadda tsakar gidanmu take. Dogon lungu ne tsakanin katanga biyu masu tsayi, rabinsa an rufe da kwano. Iska ba ta shigowa sai in ta yi ɓatan hanya. A nan Umma take sana'arta, wanki da guga. Zannuwan gado na wani gidan baƙi take wankewa, da kayan ma'aikata. Tun safe tukunyar ruwan zafi na kan wuta, baho-baho a jere, igiyoyin shanya daga katanga zuwa katanga. Ni ce 'yar aikenta tun da na bar makaranta, ni ke kai kaya ni ke karɓowa. A cikin wannan lungun Baba ya shimfiɗa jirgi, daga ƙofar kicin har ƙofar banɗaki.

Tun daga nan muka koyi tafiya a karkace. In za ka banɗaki sai ka manne bayanka da katanga ka ja jiki kamar kaguwa. Umma da baho a ka, kullum ƙugunta da tabo. Ƙawayena suka daina zuwa, wata ta ce gidanmu sai marasa ƙiba. Maƙwabta kuwa sun samu abin dariya. Mai shagon kusa da mu in ya gan ni sai ya ce, "Tsinke, yaushe za a rushe katangar a fitar da jirgin? Ko jira kuke ruwan ya zo har gida?" Tsinke ake ce mini don ba ni da jiki, hannuna kamar muciya. Nakan ce masa ya ji da ruɓaɓɓen tumatirinsa.

An daɗe ana yi, amma jirgi ya ƙaru. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, shuɗi da farin layi. Kaka ta sa na ɗaure mata ƙullinta, da sabon zani da za ta kai wa ƙanwarta, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinta. Saura a kai ruwa. Baba ya ce bari ya leƙa akwatunan sau ɗaya kafin a fita.

Kowane akwati ya yi masa ɗan baki zagayayye da murfin katako, ya naɗa masa robar tayar keke don ya kama. To mutumin da ya tsani tsaga, wane irin baki kuke jin zai yi? Ƙanana ya yi su, har hannunsa da kansa ba ya wuce wuyan hannu. Ya juya ya juya, sai ya kalle ni.

"Ke, zo ki zura hannu."

Na kwanta rub da ciki a kan jirgin na zura har kafaɗa. Na shafa bangon ciki. Sanyi, kuma jiƙe.

"Baba, da ruwa."

"Wane irin ruwa?"

"Irin na sha mana, Baba. Ruwa dai."

Na fito da hannuna yana ƙyalli. Ya kama yatsuna ya shinshina, ya duba tafin kamar mai duba. Jirgin da ko ɗigon kogi bai taɓa gani ba, ga cikinsa jiƙe.

"Akwai tsaga," in ji shi.

Kaka tana zaune a kan tabarmarta ta ce, "Gobe ne tafiyar?"

"Sai ya bushe, Inna. Danshi a rufaffen wuri ruɓar da katako yake ta ciki, ba ka sani ba sai ranar da ya buɗe da kai a tsakiyar ruwa."

A wannan bai yi ƙarya ba, na yarda. Amma daga ranar ni da shi muka shiga kurkuku, muka ja Umma da Kaka ciki.

Ga yadda wuninmu yake. Da safe, kafin in sa komai a bakina, sai na hau jirgi. Baba ya kwance murfi, in zura hannu in shafa sama, in shafa gefe, in shafa ƙasa, in faɗa masa. Ba ya yarda da bakina kawai. Ya ajiye kwalin ashana a kowane akwati, ni zan laluɓo in fito da shi, ya ƙyasta. In ta kama tas, da sauƙi. In kan ya murmushe, ranar babu mai ganin haƙorinsa. Ya sa gishiri a murfin gwangwani, in ya dunƙule ko ya yi ruwa, an shiga uku. Ya sa ɓallin madubi ɗaure da zare, ya jawo ya ga ko ya yi hazo. Har kansa yake kifawa a bakin ramin ya ja numfashi, wai yana jin warin fumfuna tun kafin ta fito. Sai in ɗauki tsumma in goge cikin tas, hannuna duk ya sha ƙarzar katako.

Da rana ta take, sai ya buɗe murafen duka, wai su sha iska su bushe. Kafin la'asar ya mayar ya ɗaure tam, ya bi da ashanarsa gefe-gefe kamar yadda yake wa ƙofa. Washegari da safe, ruwa.

Sai ya ce tsagar tana wani wuri. Ya kankare gam ya sake zubawa. Ya dafa kwalta ya bi kowace gaɓa, gidan ya yi ta wari har zannuwan Umma suka ɗauka, mai gidan baƙin ya aiko da ƙorafi. Ya ƙara fenti a kan fenti. Ya kwashe gawayin dutsen gugar Umma ya ɗura a tsohuwar safa ya tura ciki, wai ya tsotse danshi.

"Malam, gawayina fa?"

"Yana aiki."

"Ni kuma wasa nake?"

Ya daina karɓar aikin da zai kai shi nesa, don kar lokacin buɗewa ko na rufewa ya same shi a waje. Ni ma haka. In na je kai kaya, da gudu nake dawowa. An yi bikin babbar ƙawata, ana tsakiyar hidima na tashi na taho, don hannuna ne kawai yake shiga ramin. Na taɓa cewa zan dage da ci in yi ƙiba in huta. Umma ta ce in na yi ƙiba ta ina zan wuce banɗaki.

Kaka kuwa kullum da safe tana bakin ƙofarta, ƙullinta a gefe. In na fito da hannu sai ta ce, "'Yar nema, yau ya bushe?"

"Bai bushe ba, tsohuwa. Ki kwance ƙullin nan ki ba ni zanin, kafin asu ya riga ƙanwarki."

"Ki ci gidanku. Ke da ko ƙugun ɗaura shi ba ki da."

Muna wasan, amma ina ganin yadda take ƙanƙancewa. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Da tana zuwa banɗaki da kanta tana dafa jirgin, sai ya zama ni nake riƙe ta. Sai ga saƙo daga tsallake ta bakin wani masunci da ake ce wa Gajere, wai idon ƙanwarta ya fara rufewa, tana cewa in yayarta za ta zo ta zo tun tana iya gane fuska. Kaka ta saurara, ta ce to. Ranar ta ƙi cin abinci.

Ana cikin haka dutsen guga ya buɗe wa Umma, garwashi ya zubo mata a hannun dama. Ƙuna sosai, aka naɗe hannun, aka ce kar ya taɓa ruwa. Wanki ya tsaya cak. Babu tukunya a wuta, babu baho, igiyoyi fayau. Karon farko na ga sama daga tsakar gidanmu ba ta tsakanin zannuwa ba.

Bayan 'yan kwanaki na zura hannu da safe, na shafa, na sake shafawa.

"Baba, babu."

"Babu me?"

"Ruwan. Ƙamas yake."

Ya ƙyasta ashana, ta kama tas. Gishiri yana zuba kamar yashi. Madubi fes. Washegari ma haka, wanshekare ma haka. Baba ya ce sabuwar kwaltar da ya sa ce ta kama tsagar. Kaka ta sa na wanke mata mayafi.

"Gobe ke nan, Auta?"

"A ɗan ƙara kwana biyu, Inna, a tabbatar."

Kwana biyun nan ya yi ta haihuwa har hannun Umma ya warke. Masu kaya sun matsa, ta ɗora tukunya, ta cika igiyoyi. Washegari na zura hannu, na fito da shi jiƙe.

Ina kwance a kan jirgin, fuskata dab da ta Baba, don haka na ga abin da babu wanda ya gani. Da ya ga ruwan a hannuna, kafaɗunsa sauka suka yi. Ya saki wani dogon numfashi irin na wanda aka ce masa an ɗage ranar shari'arsa. Sannan ya ɗaure fuska ya ce, "Kin gani ko. Da mun fita da yanzu wani labarin ake."

Abin ya tsaya mini a rai. Dab da la'asar ina ninke rigunan da Umma ta gama gogewa, da zafinsu, ina sauri na cusa su a leda na ƙulle bakin. Umma ta daka mini tsawa.

"Sau nawa zan gaya miki? Ki bari su huce. Ki ƙulle su da zafi leda ta yi gumi, ki kai wa mutane kaya da danshi."

Na tsaya da ledar a hannu. Cikinta har ya fara hazo, ga ƙananan ɗigo suna taruwa. Ledar nan ba ta da huji ko ɗaya. Na ɗaga kai na kalli zannuwan da ke ɗiga a saman jirgin, na kalli tukunyar da ke tururi a gindinsa, na kalli murafen da Baba ya jera a kan benci tun rana, bakunan akwatunan a hangame suna shan wannan iskar. Ga shi nan ya taho zai rufe su.

"Baba, tsaya. Jirginka ba shi da tsaga."

Bai ko kalle ni ba.

"Wallahi ba shi da ita. Kai kake zuba masa ruwan da hannunka. Kana buɗe shi da rana lokacin da gidan nan ya cika da tururin Umma, ya sha ya ƙoshi, sai ka toshe shi. Gari ya yi sanyi, ya yi gumi ta ciki. Ga shi nan a leda, duba. Da Umma ta daina wanki ai bushewa ya yi."

"Kwalta ce."

"Kwaltar tana nan ai, ba a cire ta ba. Me ya sa ruwan ya dawo?"

Ya karɓi ledar ya juya ta. Baba ba wawa ba ne, na ga lokacin da abin ya shige shi. Ya miƙo mini ita.

"Leda daban, katako daban."

"To mu gwada. A fitar da shi waje inda iska take, a goge, a rufe, a gani."

"Ba a fitar da jirgi da danshi."

"To Umma ta huta kwana biyu."

"Ta ci me?"

Ni bakina ba shi da birki, kowa ya sani. Na ce, "Baba, kai dai ka faɗi gaskiya. Ba ka so ya bushe. In ya bushe dole ka shiga ruwa, kai kuma tsoro kake ji. Na ga fuskarka ɗazu da safe, daɗi ka ji."

Umma ta ajiye dutsen guga. "Ke, ubanki ne fa."

"Na sani, Umma. Ita ma waccan uwarsa ce, ga ta can tana ƙarewa a bakin ƙofa."

Na jira mari, bai zo ba. Da ya zo da ya fi mini sauƙi. Baba ya ɗauki murafen ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure. Bai bi su da ashana ba. Ya ja jiki ta gefen katanga ya shige ɗaki. Kaka tana kan tabarmarta, idonta a rufe kamar mai gyangyaɗi. Ashe ba barci take ba.

Da safe ta kira ni tun Baba bai fito ba.

"Kawo turmi ki kifa a nan. Riƙe ni."

"Tsohuwa, me za ki yi?"

"Tafiya zan yi. Ɗauko ƙullina."

Da ƙyar na ɗora ta, ba ta fi nauyin bahon wanki ba. Ta zauna daram a bencin tsakiya, a kan murfin akwatin, ta gyara mayafi, ta ɗora ƙullin a cinya, ta fuskanci ƙofar gida. Baba ya fito da tsumma da ashana ya same ta.

"Inna, me ke nan?"

"Na shiga jirgi."

"Ki sauko, zan duba akwatin."

"Ka duba sauran. Wannan na zauna a kai."

Ya yi lallashi, ya yi magiya. Ta ce a kawo mata ruwan alwala nan. A nan ta yi salla a zaune, a nan ta karya. Umma ta tsaya da bokitin wanki a hannu, ba ta da fuskar da za ta shanya jiƙaƙƙen zanin gado a saman kan surukarta, ta mayar ta ajiye. Rana ta taso ta wuce kwanon rufi ta sauka a kan tsohuwa. Na riƙe mata lema, ta ce in kauce ina tare mata hanya. Baba ya kasa zaune ya kasa tsaye. Da azahar leɓenta ya bushe, bayanta ya fara ciwo har tana cije baki, amma ko motsi. Ya zo ya durƙusa a gindin jirgin.

"Inna, don Allah. Za ki kashe kanki."

"A ɗaki ma mutuwar zan yi, Auta. Gara a nan, a ce ta rasu a hanya."

"Ba na so in rasa ki a ruwa."

"Biyu na haifa. Ruwa ya cinye mini ɗaya a rana guda. Ɗayan kuma ina zaune ina kallo yana cinsa a tsakar gida, ko jiƙa ƙafa bai yi ba. Yarinyar nan ba ta da kunya, amma ba ta yi ƙarya ba. Ban ce sai ka shiga ba. Ka buɗe mini ƙofa kawai, ai sana'arka ce."

Ya daɗe a durƙushe, goshinsa a jikin fentin. Sannan ya tashi ya ɗauko guduma da ɗan mai.

Ƙofar gidanmu ƙyaure biyu ce, amma tun da aka kafa ta ɗaya kawai muke buɗewa. Sakatar ɗayan ta yi tsatsa, sai da ya yi ta bugu. Da ta buɗe, haske ya shigo gidan har na ga dattin da ban san muna da shi ba. Na ruga na kira Gajere masunci, maƙwabta suka taru, har da mai shago yana cewa a kawo diga a fasa katanga. Baba ya ce a ɗaga kawai. Kaka ta ƙi sauka, da ita aka ɗaga. Jirgin ya bi ta ƙofar sumul, tsakaninsa da kowane gefe bai fi kaurin yatsa ba. Ashe tun kafin ya yanka katakon farko ya auna ƙofarsa. Na ce wa mai shago ya mayar da digarsa ya haƙa wa tumatirinsa kabari.

A bayan wata motar ɗaukar kaya aka kai shi. Da aka tura shi ruwa ya zauna das, ko karkata babu. Gajere ya taka gefe da ƙarfi, ya yi tsalle a ciki, ya ce, "Mai Ƙofa, wannan ai ko giwa ya ɗauka." Baba ya zo da jarkoki biyu daga gida, ya miƙo mini da igiya, ya ce in ɗaura wa Kaka ɗaya a ƙugu in ɗaura ɗaya. Kaka ta ce ita ba akuya ba ce, amma ta bari.

Baba ya tako har inda yashi ya fara jiƙa, ya tsaya. Na ga ya ɗaga ƙafa, na ga ya mayar. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Ku je," in ji shi. "Ina nan."

Gajere ya sa filafili muka tafi. Na yi ta waiwaye, yana nan tsaye a farar rigarsa yana ƙanƙancewa. Kaka ko sau ɗaya ba ta juya ba, ta dai sa hannu a ruwan tana ja.

Mun samu ƙanwar tata a zaune a ƙofar ɗaki. Idon saura kaɗan, sai da ta kama fuskar Kaka ta kawo dab da tata. Ta ce, "Yaya, kin tsufa." Kaka ta ce, "Ke makauniya ma kin gani, ina ga masu ido." Suka yi dariya, suka koma kuka, ni na fita waje don ba na son irin wannan. Daga baya aka riƙe Kaka aka kai ta wajen kabarin ɗanta, ta zauna ta daɗe.

Da rana ta yi sanyi Gajere ya ce mu kama hanya. Na je ɗaukar ta, na tarar ta kwance ƙullinta ta jera kayanta a ɗakin ƙanwar.

"Tsohuwa, tashi mu tafi."

"Ku gaida gida."

"Kamar yaya? Me zan ce wa Baba?"

"Ki ce masa jirginsa ya yi, Allah ya yi masa albarka. In yana son ganina, ya san inda nake."

Muka dawo ni da Gajere da jarka ɗaya babu mai ita. Baba yana inda muka bar shi, sawunsa ya lotsa cikin yashi. Ya leƙa jirgin, ya kalle ni. Na faɗa masa yadda ta ce, ban rage ba ban ƙara ba. Sai ya sa aka jawo goshin jirgin kan yashi, ya kwance murfi.

"Zura hannu."

Na zura har kafaɗa. Na shafa sama, na shafa gefe, na shafa ƙasa.

"Ƙamas."

Ya ƙyasta ashanar, ta kama. Ya riƙe ta yana kallo har ta kusa ƙona masa yatsa.

Jirgin bai koma gida ba, yana ɗaure a wajen su Gajere. Tsakar gidanmu ta zama fili, amma har yau in Umma za ta banɗaki a karkace take tafiya, bayanta a katanga, sai na yi mata dariya ta tuna. Ni kuwa ban tsira ba, don kullum da safe Baba sai ya tasa ni gaba zuwa bakin ruwa in zura hannu. Wani lokaci akan samu ɗan laushi in an kwana ana ruwan sama, sai mu buɗe iskar bakin kogi ta bi ta kai, kafin hantsi ya bushe. Shi ma ya san ba komai ba ne, ya daina dafa kwalta.

Kwanaki ya fara shiga ciki, jirgin yana ɗaure. Yakan zauna a bencin tsakiya inda Kaka ta zauna, jarka a tsakanin ƙafafunsa, hannunsa ɗaya riƙe da igiyar, yana kallon bishiyoyin tsallake. In ruwa ya ɗan motsa jirgin sai ya runtse ido. Gajere yakan tsaya da filafili a kafaɗa ya ce, "Mai Ƙofa, in kwance?" Shi kuma ya ce a bari tukuna.

Jiya Gajere ya dawo daga tsallake da saƙo. Wai Kaka ta daina fitowa ƙofar ɗaki, abinci ma sai an matsa mata. Ta ce a gaya wa Auta tana jira, amma kar ya ɗauka irin jiran da ta yi masa a baya ne, wannan ba mai tsawo ba ne. A gabana aka faɗa masa. Ya ce to. Yau da safe da muka je ya sa na duba akwatunan duka, na ce masa ƙamas, ya sa na sake dubawa. Ya shiga ya zauna, ya ɗaura jarkar a ƙugunsa, abin da bai taɓa yi ba. Gajere ya sa hannu a kan ƙullin igiyar yana kallonsa, ni ma na shiga na zauna a bayansa na riƙe masa riga.